Sawun Gwiwa a Tudun Sabis

Da hantsi, ranar kasuwa, wani saƙo ya faɗo cikin zauren Wasap na garinmu, Gidan Maliki: "Wallahi tallahi billahillazi na gan su da idona, babura sun fi hamsin, sun baro Gatawa sun nufo mu. Kowa ya yi ta kansa!"

Kowa kuwa ya yi ta kansa. Mai tsire ya bar tukuba, masu awo suka bar buhuna a buɗe, awaki suka ci kasuwa son ransu. Kada ka yi mana dariya tukuna. Wanda ya taɓa jin ƙarar babura ta gaskiya ba ya tsayawa tambayar wa ya ce. Har rana ta take tsaka ba mu ga babur ko ɗaya ba, sai na wani mai kifi daga Isa, wanda ya shigo gari yana tambayar awaki ko rasuwa aka yi.

Da mutane suka fito daga cikin gero, tsoro ya koma fushi. Aka duba lambar da ta turo saƙon. Lambar mahaifina ce, Malam Hussaini tela.

Bari in yi maka bayanin garinmu, don kada ka ɓata. Ba mu da sabis. Sai ka yi tafiyar minti ashirin arewa, ka hau wani jan tudu inda sabis ɗin Nijar ke leƙowa. Tudun Sabis ke nan, kuma ba ya rabuwa da mutane, kowa hannu a sama kamar masu roƙon ruwa. Wanda aiki ya riƙe sai ya rubuta saƙonsa a gida, ya ba Inna Larai wayar. Da can nono take sayarwa, yanzu kiwon waya take yi. Takan bi gida gida ta tara su a ƙwarya, ta kai su tudu su sha sabis, saƙon da ke ciki ya fita, na waje ya shiga, ta dawo da su.

Ni kuma Nusaiba, karatun digiri na biyu nake yi a Sakkwato, kan yadda mutane ke nuna tabbaci da halin zuciyarsu a kafafen sada zumunta. Wata shida ina kwafe saƙonnin zauren nan, na kasa mutanen garinmu gida gida. Akwai masu rantsuwa. Akwai 'yan "wai" da "an ce". Akwai masu yanke hukunci, sarkinsu Alhaji Kamaluddeen, shugaban zauren, mai fataucin wake zuwa Nijar, wanda ko gaisuwa ya rubuta sai ya rufe da "Magana ta ƙare." Da matarsa Hajiya Ni'imatullahi ta yi yaji ta koma gidansu a Maraɗi, abin da ya rubuta ke nan: "Namiji ba ya biko. Magana ta ƙare."

Sai gida na ƙarshe, mutum ɗaya ne a ciki: Baba. Saƙo ɗari biyu da sha ɗaya, babu wanda ba "wataƙila" ko "Allah ne masani" a ciki. Na sa wa gidansa suna "raunin matsaya". Abin yana ba ni kunya, ba zan ɓoye ba.

*

A ƙofar gidan Mai Gari aka tsayar da Baba. Alhaji Kamaluddeen ne a gaba, dogo kamar giginya, ya sha sabon wando da riga mai sitati, da farar hularsa ta Makka wadda ba a taɓa ganinsa ba ita ba.

"Haka infoman ɓarayin daji ke yi," in ji shi. "Ya saki ƙarya ya ga ta ina mutane ke gudu, gobe ya kai labari. Lamba tashi ce. Magana ta ƙare."

Mai Gari ya dubi Baba. "Malam Hussaini, kai ka rubuta?"

"Ranka ya daɗe, a iya tunawata, ban rubuta ba."

Kai, jama'a! A iya tunawarsa! Ji na yi kamar in haɗiye mayafina.

"To wa ya taɓa wayar?"

"Bisa keken ɗinki take wuni, ba ta da makulli. Allah ne masani."

Ɗanmusa, shugaban 'yan sa-kai, ya gyara ratayar bindigarsa ya ce bayan la'asar za su wuce da Baba sansaninsu, can za a tuna masa. Duk mun san waɗanda aka tafi da su da sunan infoma, mun kuma san yadda suka dawo, waɗanda suka dawo ɗin.

Na kutsa gaba na ɗaga littafina. "Ranka ya daɗe, Baba bai taɓa rantsuwa a zaure ba, ga shaida a rubuce!"

Wata tsohuwa ta ce, "Au, ashe rubuta maganganunmu kike yi? Wa kike kai wa?"

Na mayar da littafin cikin mayafi, na kama bakina. Mai Gari ya ba mu zuwa la'asar.

*

Baba Sodangi na gindin aduwa yana tufka igiya. Shi ne mai bin sawun garinmu. A zamaninsa ya taɓa bin saniyar da aka sata har bayan Alkalawa, ya dawo da ita da ɓarawon da ɗan maraƙin da ta haifa a hanya. Tunda ɓarayi suka koma babura ya ajiye aiki. Ba shi da waya, bai kuma taɓa sha'awa ba.

Na durƙusa na zayyana masa komai, ina haɗawa da hawaye da turancin makaranta.

"Ɗiyata, tsaya," in ji shi. "Shi wanga saƙo, tashi yake yi awa tsuntsu?"

"A'a, Baba. Sai an kai wayar tudu."

"Da ƙahwa?"

"Da ƙafa."

Ya ajiye igiyar, ya ɗauki sandarsa. "To ai akwai sawu. Jiya an yi ruwa, ƙasa na da baki. Mu tahi."

Shagon Baba bai ba mu komai ba, masu gudu sun tattake ƙofar. Amma maƙwabciyarsa mai ƙosai ta ce mutum uku ne suka shiga da safe: Marwan mai cajin waya ya kawo wayar daga caji, Alhaji Kamaluddeen ya zo awon riga, sai Inna Larai da ta ɗauki wayar.

Da na ji sunan Marwan sai na tafa hannu. "Shi ne! Baba Sodangi, shi ne, ko shakka babu. Rantsuwa ɗari uku da tara ya yi a wata shida. Shi kaɗai ke haɗa wallahi da tallahi da billahillazi a layi ɗaya. Ranar da ya ce farashin manja ya tashi ma sai da ya rantse da kabarin kakansa."

"Kin tabbata?"

"Ɗari bisa ɗari!"

"Madalla," in ji tsohon. "Mu fara da Larai."

*

Mun sami Inna Larai zaune a tsakar gida, ƙafa ta kumbura, mai ɗori ya gama naɗe ta. Wayoyi arba'in na shanye a tabarma kamar kuɓewa.

"Ni Larai mi na sani?" ta ce tun kafin mu tambaya. "Ko sunana aka rubuta mini ba ni gane shi. Ina kaiwa bisa tudu, ban ko sauke ƙwarya ba, sai wayoyin mutane sunka ɗau kuka gaba ɗaya. Wani ya ce gudu! Na ce ina? Ya ce ko'ina! Na juyo, na yi tuntuɓe da dutse, ni da ƙwarya munka gangaro tare."

"Kin bar kowa bisa tudun?" in ji Baba Sodangi.

"Ko ƙadangare bai tsaya ba. Shekara huɗu ina hawan tudun nan, ban taɓa ganin shi ba kowa ba sai yau."

Tsohon ya tsaya yana kallonta, har na ƙosa. Sannan ya yi mata sannu, muka fita.

Marwan kuwa a rumfarsa muka same shi, ƙaiƙayi har cikin gira, takalmi ƙafa ɗaya. Ban jira tsohon ba, na buɗe littafi na karanto masa rantsuwarsa guda bakwai a jere.

"Wallahi tallahi ba ni ba ne!" ya ce.

"Ka ji ko, Baba Sodangi? Ka ji salon?"

"Billahillazi, Malama, da na ji labarin, rumbun Mai Gari na faɗa ta sama. Mutum uku sunka jawo ni da ƙafafu. Na rantse da..."

Baba Sodangi bai saurare shi ba, ƙasa yake kallo. Ya bi wani sawu daga rumfar, muka bi shi. Sawun ya tsallake kwata, ya ratsa garken tumaki, ya bar takalmi ɗaya a cikin taɓo, ya keta dannin ƙaya ta inda ko akuya ba za ta bi ba, ya ƙare a gindin rumbu.

"Dubi nan, 'yar boko. Yatsu kaɗai, babu diddige. Taki ɗaya ya kai kamu huɗu. Wanga bawan Allah ya bar hanya ya shiga ƙaya. Mai ƙarya kan yi gudu don a gani, amma ba ya shiga ƙaya don ƙaryar da shi ya ƙera."

"To amma rantsuwar..."

"Kin ce kowa a garin nan ya san yadda Marwan ke magana?"

"Kowa."

"To kowa na iya ara."

Ɗari bisa ɗarina ta zube nan take. Na dubi inuwa, ta fara karkata gabas.

*

Ba mu hau tudun ta hanyar kowa ba. Tsohon ya tsaya a gindinsa ya nuna mini ɓarnar da aka yi: sawun yatsu birjik, silifa bakwai, carbi, da wurin da Inna Larai ta yi birgima. Duka gangarowa suke. Sai ya zagaya ta yamma, ta gefen gonar dawa, yana tafe yana ƙunƙuni. Can ya tsaya cak.

"Ga baƙonmu."

Sawu ne guda, ya fito daga cikin dawa ya nufi sama. Ko ni da ban san komai ba na ga bambancin. Diddige ya zauna daram, yatsu sun biyo baya a natse, taki gajere gajere.

"Gari na gudu, shi yana tafiyar zuwa ɗaurin aure," in ji Baba Sodangi. "Ke kina auna tabbaci ga baki. Ni ga ƙahwa nike auna shi. Duk garin nan mutum ɗaya ya tabbata babu babura, ga shi nan."

A ƙwanƙolin tudun, sawun ya hau kan na masu gudu, alamar bayan sun watse ya iso. Ya yi 'yan kewaye kamar mai neman sabis, sannan ya tsaya gaban wani ɗan suri. A nan muka ga rami biyu zagayayyu a jere, da shatin tafin hannu biyu a gabansu.

"Gwiwoyi ne," na ce. "Salla ya yi? Wataƙila addu'ar tsari."

"Ina alƙibla?"

Na nuna gabas.

"Shi ina ya fuskanta?"

Na bi ramukan da ido. Arewa suke kallo, Nijar sak.

"Kuma ina goshi? Mai sujada ba ya barin goshi a sama. Wanga ba Allah ya roƙa ba, mutum ya roƙa. Ya daɗe kuwa, dubi yadda gwiwa ta nutse."

Sai ya nuna kan surin da sandarsa. Wani zagayayyen shati ne a kan jar ƙasar mai laima, faɗinsa kamar bakin kwanon sha.

"In mutum ya sa hannu biyu ƙasa, wa ke riƙe mashi waya?"

Na daɗe ina kallon shatin kafin abin ya faɗo mini. Na dafe baki.

*

Ana sallame la'asar gari ya taru. Baba na zaune gefe, Ɗanmusa na tsaye a kansa, an riga an tayar da babur. Baba Sodangi ya roƙi Mai Gari a shimfiɗa tabarma, mutum ukun nan su zauna. Aka kawo Inna Larai a baro, Marwan ya zauna yana rantsuwa ƙasa ƙasa. Alhaji Kamaluddeen ya ce shi ba ya zama da waɗanda ake tuhuma.

"Alhaji, wuyana ba ya ɗaguwa," in ji tsohon. "Taimaki tsufa."

Ya zauna yana huci.

Baba Sodangi ya ba da labarin sawu tiryan tiryan, bai ƙara gishiri ba. Da ya kai kan gwiwoyin da suka kalli arewa, sai ya juya ga jama'a.

"Ni ba ni da waya, ku ke da labari. Wa ke da wanda zai durƙusa wa a arewa, amma ba shi son a gani? Har ya gwammace ya kori gari duka daga tudu?"

Kawunan mata suka juya wuri ɗaya kamar an ja su da zare.

Alhaji ya yi tsaki. "Zancen banza. Ni ina cikin ɗakina tun da aka fara gudu. Ku dubi wandona, akwai jar ƙasa? Magana ta ƙare."

"Wando tas yake," in ji Baba Sodangi. "Sabo ne ma, karinsa bai mutu ba. Takalmi ma an wanke. Sai dai dogon mutum na da matsala guda, Alhaji. Ba wanda ke ganin bisan kansa, shi ma ba ya gani. Ranka ya daɗe, taso ka duba."

Mai Gari ya taso, Ɗanmusa ya leƙo, na gaba suka yi ɗage. A saman farar hular Makka, jar ƙasa ta zauna zagaye guda, kamar an buga hatimi. Garinmu kuwa farin yashi ne, jar ƙasa sai tudu.

"Ya kifa ta bisa suri, ya jingina waya a cikinta, don Hajiya ta gan shi da kyau," in ji tsohon.

Alhaji ya kai hannu ya cire hular, ya juya ta, ya kalla. Karon farko ke nan da garinmu ya ga sanƙonsa. Inna Larai ta rafka salati daga cikin baro.

"Hajiya ta ce ba ta dawowa sai ta gan ni durƙushe, ido da ido, ta bidiyo," in ji Alhaji da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba. "Sau shida ina hawan tudun nan, kullum cike. Minti goma kawai nike so. Na ce in na sa a wayar Malam Hussaini, ba wanda zai yarda shi ne, a ce kuskure ne a bar zancen."

"Amma da aka yarda, kai ka fara cewa infoma!" Ni ce na faɗa. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ran nan, kuma ban yi nadama ba.

Dariyar da ta fara tashi ta lafa. Ɗanmusa ya kashe babur, ya matsa daga kan Baba, ya koma bayan Alhaji ya tsaya.

Sai Baba ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ina roƙon arziki. Kada a kai shi sansani. Ƙarya ya yi, ba infoma ba ne. A hukunta shi nan, gaban waɗanda ya kora cikin ƙaya."

Mai Gari ya yanke: Alhaji ya sauka daga shugabancin zaure, ya ɗauki jinyar Inna Larai, kuma shi zai yi kiwon waya a madadinta, da ƙwarya a ka, har ƙafarta ta warke. Inna Larai ta ce ita tana jin ƙafar nan za ta daɗe.

*

A hanyar gida na kasa haƙuri. "Baba, tsakani da Allah, ba ka ga lokacin da ya ɗauki wayar ba?"

"Na juya ina neman tef ɗin awo, da na waiwayo na ga hannunshi na barin kan keke."

Na tsaya cak. "Ka gani! Ka gani kuma ka yi shiru? Da yanzu kana sansani!"

"Hannu na gani kusa da waya, Nusaiba. Ban ga rubutu ba. In na ce shi ne, aka tafi da shi, ya zamo ba shi ba ne fa? Da wane baki za ni gaya wa Allah na tabbata?"

Ni da na rantse ɗari bisa ɗari a kan Marwan, da a hannuna hukunci yake da tuni an ɗora shi a babur. Na buɗe littafina a nan tsakiyar hanya, na soke "raunin matsaya" har biro ya huda takarda. Har yau ban samo sunan da ya dace da gidan da na sa Baba ba, malamina na ta jira.

Muna nan tsaye sai ga Alhaji zai wuce, hula a hannu, kai a ƙasa. Baba ya tare shi. Na zaci zai faɗa masa magana mai zafi, har na gyara tsayuwa don in ji daɗi.

"Alhaji," in ji Baba a hankali, "to ita Hajiyar, bayan duk wannan, ta ce za ta dawo?"

Alhaji ya daɗe yana juya hular a hannunsa.

"Ta ce wataƙila."

Baba ya dafa kafaɗarsa. "To ka riƙe ta da kyau. Ba ƙaramar magana ba ce."